Ruwan da Basit Ya Tara

Basit Issaka ba ya yarda da magana sai ya ga aiki. A wurin ubansa ya ɗauko halin. Tsohon mahaƙin rijiya ne a Aboabo, cikin zongon Kumasi, kuma duk rijiyar da ya haƙa ba ya barin masu gida su kai baki sai ya fara kurɓa a gabansu. Wannan ɗabi'a da ciwon baya su ne gadon Basit.

Da ya zo Amurka babu aikin da bai taɓa ba. Ya yi dako a manyan sito-siton Laurel har gwiwarsa ta fara ƙara, ya yi gadi, ya wanke motoci. Daga baya ya samu aikin kula da tafkin ninkaya na wata makarantar kuɗi kusa da Bowie, a nan ya tsaya har furfura ta cika masa gemu. Tafkin a fili yake, ba rufi. Idan sanyi ya shigo sai a lulluɓe shi da wani ƙaton tamfol, ba a buɗewa sai watan Mayu. Basit ne mai auna kulorin, maganin tsabtace ruwa, shi ke wanke injin tace ruwa, shi ke share ƙasan tafkin da doguwar sanda. Ninkaya kuwa bai iya ba. Matarsa Bariatu takan ce ninkayarsa irin ta dutse ce. Duk da haka kowace shekara, kafin ɗan kowa ya tsoma ƙafa, sai ya shiga ɓangaren da ba zurfi ya tsaya ruwa iya ƙirji, sannan ya ce a buɗe ƙofa.

A Laurel suke zaune, a wani gidan bene na haya. Bariatu tana aiki a gidan kula da tsofaffi. 'Ya'yansu maza sun watse wasu jihohi, saura autarsu Fauzia, wadda aka haifa a nan, tana jin Hausa sarai amma amsarta da Turanci. Mijinta Nasirudeen direban tirela ne, yau yana wannan jiha gobe yana waccan. Sau biyu Fauzia tana yin ɓari. Da ciki na uku ya kai wata bakwai sai uwar ta ce ba za ta zauna ita kaɗai ba, ta dawo gida.

Bariatu ba ta tsaya ga asibiti kaɗai ba. Ta je wurin wani dattijon malami mutumin Kumasi da ke zaune wurin ɗansa a Annandale, ya yi mata rubutun sha, ya ce a riƙa wankewa da ruwan sama, wanda bai taɓa rufi ba bai taɓa ƙasa ba. To a gidan bene ina za a samu? Barandarsu tana ƙarƙashin ta wasu. Sai aikin ya faɗo kan Basit, tun da shi ke da fili da sararin sama. Bai yi musu ba. Ya sayi sabon baho, ya wanke shi tas, ya ɗora a kan doguwar kujerar nan da mai tsaron yara ke hawa a bakin tafki. Ƙarshen watan Maris aka yi ruwa. Ya tace da farin ƙyalle ya cika farar jarka ya kai gida. Kullum da safe Bariatu ta wanke allo ta miƙa wa Fauzia kofi. Ita kuma ta sha tana yamutsa fuska, tana gaya wa uwar cewa don a zauna lafiya kawai take sha.

A shekarar ne teku ta yi ambaliya a Japan, tashar nukiliya ta lalace. Basit ya ji a rediyon mota, ya yi wa mutanen addu'a, ya canza tasha. Ina Japan ina Bowie.

Wata safiya Raymond, shugaban masu kula da harabar makarantar, ya tara su a ɗakin kayan aiki. Ya ce iyayen yara sun hana ofis sakat. Labarai sun ce iska ta kwaso burbushin nukiliya ta tsallako teku da shi, har an ga alamarsa a wannan yanki. Hukuma ta ce ba abin tsoro ba ne, amma iyaye sun ce ba ɗan da zai shiga tafki sai an gwada ruwan. Makaranta ta ɗauko wani kamfanin gwaji, za su turo mutum. Ya juyo ga Basit ya ce kada ya taɓa tamfol, kada ya zuƙe ruwan da ya taru a kansa.

"Na famfo lafiyarsa lau," in ji Raymond. "A ruwan sama aka gan shi."

Basit ya tambaya wane ruwan sama. Raymond ya ce wanda aka yi kwanan nan mana, ya ci gaba da maganar yankan ciyawa. Basit bai ƙara jin komai ba. Abin da yake gani kawai shi ne hannun Bariatu yana karkata jarka a kan allo.

Bai jira tashi ba. Da rana tsaka ya ja mota ya koma Laurel. Ya tarar da Fauzia a kwance kan doguwar kujera ta ɗora ƙafafunta da suka kumbura a kan matashi, Bariatu kuma tana shirin fita aiki. Ya wuce kicin ya ɗauko jarkar. Ta yi sauƙi a hannunsa, an sha fiye da rabi. Bariatu ta tambaye shi ina zai kai ta, ya ce zai ƙaro.

"Ko gajimare babu a sama, Malam. Ko kai ma ka fara kiran ruwa ne ba mu da labari?"

Ya sauka da jarkar.

A cikin mota ya buɗe murfin. Tun a makarantar allo aka koya masa cewa da abu uku ake gane ruwa: launi, wari, ɗanɗano. Ya ɗaga jarkar ya duba a hasken rana, garau. Ya shinshina, ba komai. Sai ya kafa kai ya yi kurɓa uku manya, ya rufe, ya zauna hannu a kan sitiyari yana jiran abin da zai faru. Ya jira ciwon ciki, ya jira jiri. Abin da ya ji kawai sanyin ruwa a ƙirjinsa. Wannan bai kwantar masa da hankali ba, don ya lura Raymond bai ce kowa ya faɗi ba, ya ce dai an gani.

Da yamma ya ce musu jarkar ta kife a bayan mota. Bariatu ta yi ta faɗa, ta ce mutumin da ke riƙe da tafki guda ya kasa riƙe jarka, ta ce in wani abu ya samu yarinyar nan ya san amsar da zai ba Allah. Ya sunkuyar da kai ya ci tuwonsa. A lissafinsa, yarinyar da ta yi ɓari biyu ba a jefa mata irin wannan labari ba tare da an tabbatar ba. Firgita kaɗai ta isa ta yi abin da ake gudu. Ya ɓoye jarkar a ɗakin inji na makaranta, bayan buhunan yashin tacewa.

Wadda kamfanin ya turo wata baƙar fata ce mai suna Olive, ta manyanta, gajera, da tabarau rataye a wuya. Ta zo da akwatin kwalabe da igiya. Ba ta da yawan magana, abin da ya sa Basit ya ji ta kwanta masa ke nan. Ta sa ya ɗaga gefen tamfol, ta ɗebi ruwan sama-sama, ta zura kwalba da igiya ta ɗebo na can ƙasa, sannan ta ɗebi baƙin ruwan da ya kwanta a kan tamfol da ganyaye a ciki. Kowace kwalba sai ta canza safar hannu. A ƙugunta akwai wata 'yar na'ura mai yin ƙas-ƙas jefi-jefi. Basit ya kafa mata ido. Ta lura, ta ciro ta, ta kara a jikin bango, ta yi ƙas. Ta kara a jikinta, ta yi ƙas. Ta ce wannan ko a ina haka take yi, ta ɗauko ta ne don iyaye su gani su ji daɗi. Abin da ake nema ya yi ƙanƙanta a ce wannan ta ji shi, sai babban injin da ke ɗakin gwajinsu.

Ta fara haɗa kaya. Basit ya shiga ɗakin inji ya fito da jarkar ya ajiye a gabanta, ya ce a haɗa da wannan. Ta ce ba ta ɗaukar ruwan gidan kowa, na makaranta aka aiko ta. Ya ce ai a makaranta ruwan ya sauka, ya nuna mata doguwar kujera, ya nuna mata bahon. Ta dubi kujerar, ta dubi jarkar, ta sa tabarau ta dube shi.

"Wa ke shan wannan?"

Ya so ya ce ba kowa. Bakinsa ya ƙi. Ya ce 'yarsa. Ta tambaya shekarunta nawa, ya faɗa, sannan ya ƙara da cewa tana da ciki. Olive ta ajiye akwatin a ƙasa. Ta tambayi watannin cikin, da girman kofin, da ranar da aka tari ruwan, da ranar da aka fara sha. Ba ta tambayi dalili ba. Shi da kansa ya ce magani ne irin na gida, na addu'a. Ta ce kakarta ma a Karolina ba ta wanke gashi sai da ruwan sama. Sai ya yi saurin gaya mata cewa shi ma ya sha, da yawa ma, kuma ga shi a tsaye.

"Malam Basit, ko tafkin nan ka shanye ba abin da zai nuna mana. Kai ka tsufa, ba ruwansa da kai."

Ta yi masa bayani a taƙaice. Abin da iska ta kwaso wani irin sinadarin aidin ne. In ya shiga jiki wuri ɗaya yake nufa, wata 'yar tsoka a gaban wuya, inda maƙoƙo ke fitowa. Ta babba ba ta cika damuwa ba. Ta jariri, har wanda ke ciki, ita ce ke zuƙa da sauri, kuma ita ke tafiyar da girman yaro da ƙwaƙwalwarsa. Ta ce a ganinta abin da iska ta kawo daga wannan nisa kaɗan ne ƙwarai, amma ita ba likita ba ce, kuma ba ta taɓa gwada ruwan da aka tara zalla irin haka ba. Ta ƙara da cewa abin yana mutuwa da kansa kullum, don haka duk abin da injin zai gani yanzu bai kai wanda yarinyar ta sha a farko ba, sai ta yi lissafi ta koma baya.

Ta cika kwalba biyu, ta rubuta a jiki cewa ruwan sama ne daga bakin tafki, wanda kuwa gaskiya ne. Ta karɓi lambarsa. Da za ta shiga mota ta ce ya gaya wa likitar 'yarsa yau, kada ya jira ta. Ya ce to. Bai gaya wa kowa ba.

Kwanakin da suka biyo baya Basit ya yi aikin da ba a sa shi ba. Ya kwance injin tacewa ya mayar, ya yi wa shinge fenti, ya goge tayil ɗin bayi da buroshin haƙori. Wayarsa tana aljihun gaba, in ta yi motsi sai ya ciro da sauri, ya duba ya ga tallar inshora ce. A gida in an zauna cin abinci idonsa na kan wuyan Fauzia. Yana kallon yadda take haɗiya. Ta kama shi sau biyu, ta tambaye shi ko wani abu ne a jikinta, ya ce sarƙarta yake kallo. Ta ce ai ba ta sa sarƙa ba. Wata rana ta ce yau ɗan bai motsa sosai ba, Basit ya ajiye cokali ya kasa ɗauka, har sai da ta yi dariya ta ce ga shi nan ya farka yana ƙwallo. Bariatu kuma kullum sai ta leƙa taga ta duba hadari, ta tuna masa ya mayar da baho kan kujera.

Olive ta kira shi yana tsaye a bakin tafki da sanda a hannu. Ta ce na tafki ba a ga komai ba. Na kan tamfol da ƙyar injin ya ji wani abu. Sai ta zo kan jarkar.

"Naka an gani."

Ya tambaye ta da yawa ne. Ta ce kaɗan ne. Ya ce kaɗan ɗin da ke yin illa ko wanda ba ya yi. Ta ce in ita ce ba za ta rasa barci a kai ba, amma ba ita ke da cikin ba, kuma wannan tambayar likita ce. Ta karanta masa lambar da ta samu da wadda ta lissafa ta baya, ta sa ya maimaita har ya riƙe. Sannan ta tambaye shi abin da likitar ta ce. Da ta gane bai gaya wa kowa ba sai muryarta ta canza. Ta ce ta yi masa abin da ba a aiko ta ba, saura nasa, kuma yarinyar ba tafki ba ce da zai rufe da tamfol har sai ya ga dama.

Ya jingina sandar ya tafi gida. Ya same su a kicin, Bariatu tana yanka kuɓewa, Fauzia tana zaune tana ɓare lemo. Bai zauna ba. Ya faɗa musu daga farko har ƙarshe, bai rage ba, har ƙaryar kifewar jarka. Bariatu ta ajiye wuƙa, ta nemi kujera da hannu kamar makauniya. Ta ce ita ta je Annandale, ita ta wanke, ita ta miƙa. Basit ya ce shi ya tara. Fauzia ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi, da Turancinta, yaushe ya sani. Ya faɗa. Ta ce wato duk kwanakin nan yana zaune yana kallon wuyanta, ya san abin da ita ba ta sani ba game da ɗan da ke cikinta. Ya ce tsoro ya ji kada ta firgita. Ta ce ba shi ke da ikon zaɓa mata abin da za ta ji tsoro ba. Ta ɗauki waya ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Suna jin ta tana magana da asibiti, daga baya da mijinta.

Washegari shi ya tuƙa su. Likitar, Dakta Saudatu Maitama, Bakanuwa ce, ta gaishe shi da Baba, ta saurari lambobin da ya haddace, ta fita ta yi waya da wani masanin abin, ta dawo. Ta ce abin da Fauzia ta sha bai kai irinsa da jiki ke ɗauka daga sararin samaniya a tafiyar jirgin sama daga nan zuwa Accra ba. Ta duba ɗan a na'ura, zuciya na bugawa daidai, girma daidai. Ta ce a ci gaba da addu'a amma da ruwan famfo, ta ce da Bariatu Allah ba ya duba ta inda ruwan ya biyo. Bariatu ta yi ajiyar zuciya. Basit ya tambaya ko na'urar tana ganin tsokar wuyan tana aiki. Likitar ta ce wannan sai an haihu. Kowane jariri a nan ana tsaga masa dunduniya a ɗebi jini a gwada, har da wannan.

Don haka a wurin Basit ba a gama ba. Kowa ya koma harkarsa, an buɗe tafki, yara sun cika shi da ihu, shi kuwa yana nan da dutse a ƙirji. Fauzia tana gaishe shi, tana amsa tambaya, iyakarta ke nan. Ya rame har Raymond ya tambaye shi ko azumi ya zo ne.

A watan Yuni ta haifi mace. Basit yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin asibiti lokacin da nas ta kama 'yar ƙafar ta tsaga, jaririyar ta tsala kuka, aka ɗiga jinin aka tafi da shi. Aka ce sakamako sai bayan an koma gida.

Nasirudeen ya ga 'yarsa, ya yi mata huɗuba, ya koma hanya don ya sauke kayan da ke motarsa kafin suna, ya bar wa surukinsa maganar rago. Akwai wata gona can bayan gari da ake yanka wa Musulmi, sai an kira da wuri ake samu. Basit bai kira ba. Bariatu ta yi magana da safe, ta yi da yamma. Ta ce mata sun fara kawo shinkafa da mai, baƙi za su taso tun daga New York, shi kuwa ya zauna kamar an dasa shi. Ta tambaye shi ko da kaza za a yi wa jikarsa suna. Ya ce zai kira.

Ana jibi suna, da hantsi, yana zaune a falo da takalmin aiki a ƙafa ya kasa fita, wayar Fauzia ta yi ƙara a ɗaki. Ya ji ta ce e, ita ce. Bariatu ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Sai ƙofa ta buɗe, Fauzia ta fito da jaririyar a kafaɗa, wayar a ɗaya hannun. Ta ce da mai maganar ta ɗan dakata, akwai wanda ya kamata ya ji da kunnensa. Ta ƙara sauti ta ajiye wayar a kan gwiwar ubanta, ta ce don Allah a maimaita.

Muryar wata mata ta ce duk gwajin ya fito daidai. Basit ya sunkuya ya tambaya har da na wuya. Matar ta ce har da shi. Ya ce ta duba sunan da kyau. Ta karanta sunan uwar da ranar haihuwa, ta ce daidai yake, ba abin da za a sake.

Bariatu ta zame ta zauna a ƙasa tana hamdala. Basit ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya laluba aljihu ya ciro tasa wayar, ya yi ta neman lambar mai gona ya kasa gani. Fauzia ta karɓa ta nemo masa ta miƙa.

Mutumin ya ce an makara, manyan duk an kama, saura wani guda ɗaya mai taurin kai da ya gagari yaransa. Basit ya ce a ɗaure masa shi, yana zuwa yanzu.